Tashoshi Ukun da Suka Rage wa Abban Kausar

Litinin, 12 ga Yuli, 2021

Motar asibiti ta tafi da Abban Kausar bayan azahar. Numfashi ne. Ba su bar ni na bi su ba, daga bakin lif na juyo. Yana cikin wannan hali wai in kashe masa kwamfuta a hankali, babi na huɗu na rubutun digirinsa ke buɗe.

Talata, 20 ga Yuli

Babbar Sallah. Anti Sauda maƙwabciyarmu ta ajiye mana tapau, ƙunshin abinci, a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta wuce. Abban Kausar ya kira daga asibiti. Magana biyu, sai tari.

Juma'a, 23 ga Yuli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 1 ga Agusta

Ban ga gawarsa ba. Hoton kabari aka turo min ta waya. Yaya Hambali ya kira daga Zariya, ya ce ana fita takaba in tattaro yarinya in taho gida. Na ce to. Me zan zauna yi a unguwar Sri Petaling, a ƙasar mutane? Shekara uku, ko jirgin ƙasan garin nan ban taɓa shiga ni kaɗai ba.

Laraba, 15 ga Satumba

Yau na iya kunna kwamfutar. Hotuna rututu, babu fuskar mutum ko ɗaya. Alluna, kibiyoyi, haruffa. Digirinsa na uku kenan: yadda launi da rubutu ke nuna wa mutum hanya a tashar jirgi. Yakan ce baƙo da tsoho ba su da ɗan jagora a ƙarƙashin ƙasa sai allo. Kausar ta leƙo, ta tambaya da Turanci ko Abba yana can cikin tashar ne.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Malamar da ke duba aikinsa ta kira, dattijuwa ce 'yar ƙasar nan. Ta yi ta'aziyya, ta yi kuka. Ta ce aikin ya kusa, saura hotunan tashoshi uku da kullen annoba ya hana shi ɗauka: Maluri, Cochrane, Merdeka. In sun samu, za ta roƙi jami'a ta duba shi da sunansa. Wai za ta tura ɗalibi. Sai na ji bakina ya ce ni zan je in na fita takaba.

"Boleh?" in ji ta da yarensu, wato zan iya?

Na ce boleh. Ban san ta ina zan fara ba.

Litinin, 6 ga Disamba

Na bar Kausar wurin Anti Sauda. Layin jirginmu ruwan makuba ne. A Chan Sow Lin zan sauka in hau mai ruwan goro, tasha ɗaya ce su biyun. Takunkumi ya sa tabarauna ya yi tururi, na ga jirgi na shiga. Ashe wanda zai mayar da ni gida ne. A Cheras na sauka, na zauna kan benci na yi kukan da ban yi ba tun Yuli. Ba wanda ya matso, kowa na tsoron kowa.

Na koma. Na isa Maluri, na bi alamar koren layi har ƙarƙashin ƙasa. Can komai tas, harafi manya, ko ba ka jin yaren, kibiya za ta fitar da kai. Na ɗauki hotunan da na iya. Rabi duk sun karkace.

Alhamis, 9 ga Disamba

Cochrane da Merdeka. Ban ɓata ba.

Asabar, 18 ga Disamba

Ruwa tun jiya bai ɗauke ba. Na karanta babi na huɗu. Ya rubuta cewa makuba da goro sun bambanta yadda ya isa, fasinja ba zai ruɗe ba. Allah ya jiƙanka, Abban Kausar, ba haka ba ne. Kai a natse ka kalle su, ka san garin. Na rubuta wa malamar shafi biyu a kan wannan, ban san wa ya aike ni ba.

Yaya Hambali ya sake kira kan tikiti. Na ce sai fasfon Kausar ya fito. Gaskiya ne bai fito ba. Ban dai je na tambaya ba.

In ruwa ya tsagaita, Litinin zan koma Chan Sow Lin. Ina so in tsaya daidai inda na tsaya, in ga me ido ke fara kamawa.