Sufeto a Kwalbar Alewa

Sapucái, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Liduvina,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Torsten da ɗan baƙon da ke tafe. Yaya nauyin jiki, yaya sanyin Jamus? Mu nan zafi ne ba kama hannun yaro. Ni dai ƙalau nake, in ban da gwiwar nan da kika sani.

Wasiƙarki ta iso ranar Talata, na karanta ta sau uku. Kina so in rufe gida in taho wurinku kafin ki haihu a watan Yuli, har ɗaki kun gyara mini, mai na'urar ɗumama ɗaki da babbar taga. Na gode, 'yata. Amma ki ba ni lokaci. Shekarata saba'in da ɗaya ban taɓa yin mako guda a wajen Sapucái ba, ba a rana ɗaya zan tattara ba.

Yanzu bari in ba ki labari: na yi baƙo. Ranar Lahadi bayan coci ina zaune ƙarƙashin gwaibar da mahaifiyarki ta dasa, ina shan shayinmu mai sanyi na tereré, sai na ji a jikina ana kallona. Ina ɗaga kai na ga ƙoƙi-ƙoƙi a kan reshe, kore shar, tsawonsa kamar ɗan yatsana, ya haɗa hannuwa kamar mai addu'a. Na matsa hagu, ya juyo da kai. Na matsa dama, ya biyo ni. Ikon Allah! Shekara arba'in ina kwance keken ɗinki ina ɗaurawa, ban taɓa ganin gaɓar da ke juyawa sumul kamar wuyan ƙwaron nan ba, kuma ba wanda ya ɗiga masa mai.

Na sa shi a tsohuwar kwalbar alewar nan, na rufe bakin da gutsuren gidan sauro, na kafa masa reshe a ciki. Na raɗa masa suna Sufeto, don kallonsa sak na mutumin da ke duba tikiti a jirgin ƙasa lokacin ina saurayi.

Kin tuna yadda kuke kewaye irinsa kuna yara, kuna ihu mamboretá, mamboretá? Ki gaya wa Torsten, tunda yana son koyon yarenmu na Guaraní, cewa sunan nan tambaya ce, ma'anarsa ina garinka. Shi kuma ƙwaron sai ya ɗaga hannu ya nuna. Ke kam har kuka kike yi in ya ƙi nuna gidanmu.

Maƙwabciyarmu Ña Pabla ta leƙo ta katanga ta tarar ina farautar ƙuda da kofi. Ta ce, "Don Toribio, abin har ya kai haka? Mutane na kiwon kaji, kai kana kiwon ƙwaro!" Na ce, "Ke da kike wuni kina gulmar unguwa da aku fa?" Ta ce akunta aƙalla yana amsawa. Tana gaishe ki.

Allah ya raba lafiya. Ni ne mahaifinki,
Toribio

Sapucái, 12 ga Maris

Lidu 'yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina fata kumburin ƙafar ya sauka. Ki riƙa ɗora ta kan matashi kamar yadda mahaifiyarki take yi lokacin cikinki.

Kai, amma wasiƙarki ta ba ni mamaki! Ashe a ƙasarku ƙoƙi-ƙoƙi yana da doka a bayansa? Kin ce na can ɗin, ɗan asalin ƙasar, ba a kama shi, ba a kashe shi, ba a ajiye shi a gida, inda aka gan shi nan za a bar shi. Amma na wasu ƙasashe, waɗanda ake saya wurin masu kiwo, su an yarda a sa su a akwatin gilashi, a kunna musu fitila mai ɗumi don kada sanyi ya kashe su. Ni fa tambayoyi sun cika mini ciki. Wa ya fara tsayawa gaban manyan ƙasa ya yi wa ƙwaro magana? Shi ɗan sandan ta yaya yake bambanta ɗan ƙasa da baƙo, ko takarda suke yawo da ita? Ki tambayar mini Torsten. Ña Pabla ta ce a nan ma ai akwai dokar namun daji, ta ji a rediyo, sannan ta roƙe ni kada in ƙara ambatar akunta a gaban mutane.

Sufeto ya tsorata ni makon jiya. Kwana biyu ya ƙi cin komai, har fara na kawo masa ya mangare ta. Na ce shi ke nan, na kashe bawan Allah. Da safe sai na tarar ya rataye kansa a ƙasa, bayansa ya tsage, yana zare jikinsa daga tsohuwar fata a hankali kamar mai cire safa. Ashe saɓa yake yi. Na zauna awa biyu ban motsa ba, rogon da na ɗora ya ƙone ƙurmus. Da ya gama sai ga fikafikai. Fatar tana nan na adana a gwangwanin allura, har da ƙayoyin hannu ba abin da ya ɓace.

To, maganar tafiya. Ni dai ina ganin shari'a ta ƙare, kuma dokar ƙasarku ce ta yanke ta. Ɗan asalin wuri a bar shi inda aka gan shi. Ni ɗan asalin Sapucái ne, a nan aka gan ni. In na zo can kuwa na zama na waje, kuma kin riga kin faɗi abin da ake yi wa na waje: akwatin gilashi da fitila mai ɗumi. Ɗaki mai babbar taga da na'urar ɗumama ɗaki, ba shi ke nan ba? Sai dai ki riƙa jefo mini ƙuda safe da yamma. Na yi dariya ni kaɗai da na gano wannan, na san ke ma za ki dara.

Ki gaida maigidan. Mahaifinki,
Toribio

Sapucái, 20 ga Afrilu

'Yata Liduvina,

Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, ina kuma tambayar lafiyarki da ta abin da ke cikinki. Mako biyar ke nan ban ga wasiƙarki ba. Ranar Ista da na kira, kin ce lafiya lau, lafiya lau, kika miƙa wa Torsten wayar, ni da shi muka yi ta ce wa juna to, to. Hankalina bai kwanta ba.

Na faɗa wa Ña Pabla abin da na rubuta miki game da akwatin gilashi, ina jiran ta yi dariya. Ta ajiye kwanon da ke hannunta ta ce, "Wannan ka aika wa yarinya mai ciki, wadda ba ta da uwa a duniya? Kai dai Don Toribio, kanka na keken ɗinki ne." Na ce wasa ne. Ta ce, "Wasa? To ita ta yi dariyar?" In maganar ta ɓata miki rai ki yi haƙuri, ko da yake har yanzu ban ga inda lissafina ya karkace ba.

Labari biyu daga kwalba. Na farko, na gwada maganar nan ta nuna gari, don ta daɗe tana damuna. Na tsaya ta gabas na ce mamboretá, aka nuno gabas. Washegari na koma ta yamma, aka nuno yamma. Na kira Ña Pabla ta tsaya ta bakin ƙofa, aka juya aka nuna ta. Ashe duk shekarun nan yaudararmu ake yi! Ƙwaron bai san wani gari ba, duk wanda ya tsaya kusa da shi, shi yake nunawa. Na ɗan ji haushi, ba zan ɓoye miki ba.

Na biyu, Sufeto mace ce. Na ga cikin yana ta girma, na ɗauka ƙudajena ne suka karɓe shi. Ranar Alhamis sai ga ta tana fitar da wata kumfa a jikin reshe, tana shafa ta layi-layi, tsaf kamar ɗinkin gwani. Kafin yamma kumfar ta bushe ta yi tauri. Ƙwai ne a ciki. Na ruga da gwiwata mai ciwo na kira Ña Pabla, ina cewa na kusa yin jikoki ɗari biyu. Ta duba ta ce, "Tun yaushe take cikin kwalbar?" Na ce tun Fabrairu. "Ita kaɗai?" Na ce ita kaɗai. Ta ce, "To ni dai kazata in ba ta ga zakara ba, ƙwanta soyawa nake yi."

Ki duba fa, Lidu. Na ciyar da ita, na kare ta daga tsuntsaye, ban taɓa barinta cikin rana ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai abin da ta rasa ba. Na san ya kamata in sake ta tun sanyi bai shigo ba, amma kullum sai in ce gobe. Gaskiyar magana, tun rasuwar mahaifiyarki ba wanda yake juyo kai ya dube ni in na shigo kicin sai Sufeto.

Don Allah ki rubuto, ko layi biyu ne.

Mahaifinki mai kewarki,
Toribio

Sapucái, 17 ga Mayu

Lidu, 'yata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida Torsten, ina gaida mai shure-shuren nan da na san ba ya barinki ki zauna. Allah ya sauke ki lafiya.

Layi biyu na roƙa, layi huɗu kika aiko, kuma sun ishe ni. Kin ce: "Baba, lissafinka daidai ne, mutum ɗaya kawai ka manta. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cikin akwatin gilashin. Akwai ɗumi, akwai abinci, mutanen kirki ne, amma ba a mako guda wani bai tambaye ni ina garinki ba. Ba tsufanka nake so in tsare ba, tsoro nake ji, ina so in na juya kai in ga nawa."

Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wurin zama. Na yi kuka, ban ji kunya ba. Wata uku ina leƙen ƙwaro da gilashin duba allura, na ƙirga ƙayoyin hannunta, na san ranar da take ƙin abinci. 'Yata kuwa ta rubuto mini ta gyara ɗaki, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ba. Ki yafe mini.

Washegari da hantsi na kai kwalbar gindin gwaiba na cire gidan sauron. Kin san abin haushi? Ba ta fita ba. Sai da na sa mata yatsa ta hau, tana rangaji kamar mai jin kiɗa, na ɗora ta kan reshen da na same ta. Kwana biyu tana nan, in na fito ta juyo ta dube ni. A rana ta uku na duba ganye ɗaya-ɗaya ban gan ta ba. Ko ta sami miji, ko tsuntsu ya same ta, oho. Ƙwan dai na ɗaure shi a jikin bishiyar da zaren keke. Ña Pabla ta ce ɓata zare ne, amma ta yi alkawarin dubawa in zafi ya dawo, kuma ita za ta riƙe makullin gida. Jiya na kama ta tana yi wa ƙwan laima da ganyen ayaba, ta ce wai wucewa kawai take yi.

Na je babban birninmu Asunción na yi fasfo. A hoton na fito zuru-zuru kamar Sufeto. Ban ce zan zauna har abada ba, kada Torsten ya yi saurin murna ko baƙin ciki. Zan taho da ganyen tereré, da garin rogo don a yi miki burodin chipa irin na mahaifiyarki, da gwangwanin allurar nan in masu duba kaya sun bar ni in wuce da fatar ƙwaro. Ki tambayar mini ko ita ma tana da doka. Ina kuma so a kai ni in ga ƙoƙi-ƙoƙin naku mai gata. Ba zan taɓa shi ba, hannuwana a baya, tambaya ɗaya kawai zan yi masa.

Wancan gwajin da ya ba ni haushi, na janye maganata. Ƙwaron bai yaudari kowa ba, ni ne ban iya karatu ba. Lokacin da kike kuka don ya ƙi nuna gidanmu, ai ni nake riƙe da ke a kafaɗa.

Saboda haka in wani ya sake tambayarki ina garinki, ki ce ya yi haƙuri zuwa ashirin ga Yuni. Garin yana tafe da sandarsa da gwiwarsa mai ciwo, sai ki ɗaga hannu ki nuna masa.

Sai na iso. Ni ne mahaifinki,
Toribio