Fiyus Ɗin Da Na Tsinta A Aljihunka

Assalamu alaikum, Yaya Auwalu.

Bayan gaisuwa da addu'a, ina fatan kana cikin rahamar Allah. Ni ce ƙanwarka Rabi. Rabona da rubuta wasiƙa tun wadda aka koya mana a aji shida, ka yi haƙuri da rubutun. A littafina nake rubutawa. Anti Rifkatu da kuke aiki tare ta ce za ta ɗora a wayarta mutane su karanta. Na ce ta ɗora.

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinka, kuma na yi wani abu da ya kamata ka sani. Amma bari in fara da abin da suka faɗa a kanka.

Sun ce sakaci ka yi. Takardar da kamfanin niƙa roba na Sharada ya aiko wa Baba ta ce an ɗauke wuta, ka shiga share haƙoran inji ba ka cire fiyus ba, da aka dawo da wuta inji ya tashi da kai a ciki. A zaman makoki ina raba ruwa na ji wata maƙwabciya tana cewa, "To bebe, me ya kai shi wajen inji?" Na ajiye mata kofin a nesa, inda sai ta miƙe kafin ta ɗauka. Iyakar abin da na iya ke nan a ranar.

Na san ƙarya ce, don ka sha nuna min da hannu a tsakar gida. Sauran ma'aikata idan an kawo wuta ihu ake musu su fito. Kai ba ka jin ihu. Shi ya sa kafin ka shiga sai ka buɗe akwatin wuta na jikin bango, ka zare farin fiyus ɗin nan, ka jefa a aljihun wando. Inji ba ya tashi sai ka fito ka mayar da shi da hannunka. Shekara uku kana haka, kowa a wurin ya sani. Kana nuna min kana bubbuga aljihu kana dariya, dariyar nan taka mai ƙara da ba ka san tana da ƙara ba.

A baƙar leda suka kawo kayanka. Inna ta kasa buɗewa, sai bayan kwana bakwai na ɗauka na kai bakin rijiya. Ina zura hannu a aljihun dama na taɓa shi. Fari, da ɗan nauyi, gefensa ɗaya ya ɓalle.

Yaya, ka cire. Ka yi duk abin da ya kamata ka yi.

Na ɓoye shi a jakar Islamiyya, na kasa faɗa wa kowa. Ka san ni, ko gaishe da baƙi sai an tura ni. Kuma Baba ya riga ya ce, "Mun bar wa Allah, kada in ƙara jin maganar nan a gidana." Sai da Anti Rifkatu ta zo duba Inna na raka ta bakin titin Na'ibawa, na buɗe mata jakar. Ta zauna a kan dakalin wani shago ta rufe fuska da mayafi.

Ita ta faɗa min sauran. Tana can gefe inda mata ke ware robobi. Babbar mota ta zo daga Dakata ɗaukar kaya, direba yana ta danna oda. Da aka kawo wuta Oga Lawan mai kula da injina ya buɗe akwati bai ga fiyus ba. Bai zagaya ya leƙa ba, taku biyar ne kacal. Guntun wayar wuta ya tsinta a ƙasa ya haɗa wurin fiyus ɗin da ita. Ya ɗaga murya sau ɗaya ya ce, "Akwai mutum a ciki?" Da bai ji amsa ba ya danna makunnin inji.

Kai ya tambaya, Yaya. Kai da ya shekara uku yana taɓa kafaɗarka in zai aike ka.

Bayan nan ya tara ma'aikata ya ce duk wanda ya buɗe baki ya nemi wani aikin. Anti tana da yara biyu a Kudancin Kaduna wajen mahaifiyarta. Ban ga laifinta ba.

To jiya bayan la'asar Oga Lawan ya zo. Farar shadda, da carbi, da buhun shinkafa a bayan mota. Ya zauna a zaure cikin manyan unguwa ya ce kai kamar ɗa kake a wajensa, in akwai wani haƙƙi a yafe masa. Baba ya ce ya yafe. Liman ya ce a tambayi na cikin gida. Inna ta ce ta yafe.

Ni ba a tambaye ni ba. Na sa hijabi na shiga zauren. Garin sauri har na taka takalmin Liman. Na durƙusa na ajiye fiyus ɗin a kan tabarma, daidai gwiwar Oga Lawan. Na ce a aljihunka na same shi. Na ce ni ban yafe ba.

Da ka ga fuskarsa. Carbin ya tsaya. Ya miƙo hannu, na riga shi ɗaukewa. Ya ce, "Yarinya ce, Malam, ba ta san komai a kan inji ba." Wani dattijo mai gyaran wuta da ke zaune kusa da ƙofa ya ce, "Ita ba ta sani ba, mu mun sani. Da me ka tada injin?" Oga Lawan ya miƙe. Ya tafi ko takalminsa bai gama sawa ba. Ban taɓa jin daɗin da na ji a lokacin ba, kuma ban ji kunyar jin sa ba.

Da baƙi suka watse Baba ya shige ɗakinsa. Na zaci duka zan sha. Da safe ya kira ni ya ce in kawo abin. Ya daɗe yana juya shi a hannu. Sai ya ce, "Abin da aka faɗa min shi na yafe. Wannan ba a faɗa min ba." Ya naɗe shi a hankici, ya sa aka mayar da shinkafar waje. Yanzu sun tafi wajen hukuma shi da Anti Rifkatu. Ta ce in sun kore ta sun kore ta, ta gaji da ganin ka in ta rufe ido.

Ba na so Oga Lawan ya mutu da wuri. Ina so ya yi tsawon rai. Ina so a tsayar da shi a gaban mutane ya faɗa da bakinsa cewa ka cire, shi ya haɗa waya. Ina so ƙarar injin nan ta zauna masa a kunne, yana cin abinci yana ji, yana sallah yana ji.

Inna ta ce ba kyau yarinya ta riƙe mutum a zuciya haka. Wataƙila wata rana in sake shi. Ba bana ba.

Ina kewar ka. Babu wanda nake hira da shi yanzu. Wani lokaci ina wanke-wanke sai in ga hannuna yana ba ka labari shi kaɗai.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata kabarinka, ya sa ka ji muryar Inna a Aljanna. Allah ya bi maka haƙƙinka tun a duniya, ina raye ina kallo. Amin.

Ƙanwarka da ba ta yafe ba,
Rabi