Gadon da Audu Ya Sayo a Shinkafi

Ƙauran Namoda, Jihar Zamfara

Zuwa ga ƙanwata Hussaina a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Jibrin. Mun ji cikinki ya tsufa, Allah Ya sauke ki lafiya. Inna tana nan da sauƙi, sai ciwon gwiwa.

Kin aiko ana tambayata irin gadon jariri da za ki saya. Kafin in ba ki amsa, sai kin ji abin da ya same mu, wanda aka ɓoye miki saboda halin da kike ciki. Nabila, jaririyar yayanmu Audu, ta rasu watan jiya.

Audu ya kai kaya kasuwar Shinkafi da motarsa, ya ga wani gadon ƙarfe na hannu a rumfar wani mai suna Tambari, ya saya don ya faranta wa matarsa Balaraba. Katifar ba ta cika gadon ba, sai Tambari ya ce a toshe gefen da matashin kai. Ranar da abin ya faru, da hantsi, Balaraba ta kwantar da yarinyar ta fita shanya. Da ta dawo ta tarar ta gangara cikin ramin, fuskarta ta nutse a matashin. Ta jijjiga ta, ta hura mata baki, amma rai ya yi halinsa.

Audu bai yi kuka ba har aka yi addu'ar uku. Ranar kasuwa ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya nufi Shinkafi. Waɗanda suka gani sun ce bai ko yi sallama ba, ya sauke wa Tambari ƙarfen a hannu, ƙashi ya fito waje, ya ƙara masa a baki har haƙora suka zube. 'Yan kasuwa suka rufe Audu da sanduna, suka fasa masa kai, suka ja shi a ƙasa jina-jina. Da ba don direbobin Zurmi sun shiga tsakani ba, da gawa biyu za mu yi. A kotun shari'a alƙali ya sa aka yi masa bulala a bainar jama'a, ya ɗora masa diyyar hannu da haƙora. Motar ma an sayar. Tambari kuwa har yau hannun ba ya ɗaga buta.

Don haka, Hussaina, ki bar zancen gadon ƙawa. Ki kwantar da abin da kika haifa rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri wadda ba ta da rami a gefe. Ban da matashi, ban da tarin zannuwa, kuma ki soke bakin gidan sauro sosai a ƙarƙashin shimfiɗar. Abin da kuka tanada ku bar shi don awon ciki, da magani, da motar da za ta kai ki asibiti ranar naƙuda.

Ki gaishe da Jibrin da goggonsa Asiya. Inna da Balaraba suna gaishe ki. Audu ma na gaya masa zan rubuto miki. Sai ya ce, "In ta haihu, kada ku ɓoye mini don tausayi. Ina so in ji sunan."

Taki har kullum,
Yayarki Rekiya