Bijimin Baba da Ya Dawo Daga Daji

Zuwa ga Yayana Muttaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Muslimat da yara a can Ibadan. Mu ma nan Birnin Gwari muna lafiya gwargwadon yadda zamani ya bari. Ma'u ta sauka lafiya, an samu mace. Mutanen Gwaska da suka gudo gidanmu tun bazara suna nan har yanzu, mutum goma sha ɗaya a ɗaki biyu. Na ba Andrawus direba wannan saƙo ne saboda waya ba ta shiga, kuma ko tana shiga, maganar ba ta waya ba ce.

Ka tuna farin bijimin Baba da ke kiwo a hannun amininsa Bakoji. Da shi Baba ya ce zai yi layya bana, don baƙinmu su ga nama. Saura wata guda Sallah mutanen daji suka faɗa wa rugar Bakoji, suka kore shanun kaf. Baba ya yi salati ya haƙura. Bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, sai ga Bakoji da bijimin yana jan ƙafa. Ya ce a bakin rugar ya same shi tsaye shi kaɗai. Ga alama gardama ya yi musu, suka sare shi da adda a ƙafar baya suka bar shi, ya yi ta jan jiki har ya kawo gida. Da ka gan shi, Yaya, haƙarƙari duk a waje, ƙudaje sun rufe ciwon.

Malamin dabbobi ya daɗe da komawa Kaduna. Baba da kansa yake wanke ciwon safe da yamma da ruwan ɗumi da gishiri, Bakoji na kawo sassaƙe. Duk da haka ciwon ya yi tsutsa. Bijimin ya daina ci, ya daina tuƙa, sai nishi. Maƙwabta da baƙinmu suka ce a lallaɓa shi ya kai Sallah tunda saura kwana biyar. Baba ya ce gurguwar dabba ba ta yin layya, kuma ko tana yi, shi ba zai riƙe rai cikin azaba kwana biyar don a ce ya yi layya ba. An yi gunaguni. Ban ga laifinsu ba, mai jin yunwa ba ya hangen abin da ya wuce tukunya.

Salim mahauci ya ce a bar masa yankan. Baba ya ƙi. Ya ce ya ga yadda mahauta suke yi yanzu, a sauke shanu daga mota a galabaice, a murɗe musu wutsiya don su tashi, a yanka wata a kan idon wata, kowa na sauri ya bar wurin kafin wani abu ya faru. Ya ce shekara arba'in yana yi wa unguwa yanka, babu dabbar da ta taɓa ganin wuƙarsa. A zaure ya wasa ta don kada bijimin ya ji ƙarar. Ni na kai ruwa a daro, ya sha kaɗan. Aka shimfiɗa ciyawa a bayan gida, aka kwantar da shi a hankali yana fuskantar alƙibla. Baba ya hana a ɗaure ƙafar mai ciwo. Ya yi ta shafa wuyansa yana yi masa magana har ya natsu.

Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, tun ranar da aka kashe maigidana a gona hannun Baba ke rawa. Yana ɓoyewa, ni ma ina taya shi. Ya yi bismillah ya ja wuƙa, hannun ya ci amanarsa, yankan ya tsaya a rabi. Bijimin ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba, ya fizge, ya miƙe a ƙafa uku jini na zuba, ya je ya jingina da katanga. Maza huɗu suka kayar da shi a kan ciwon nan, Salim ya danne kansa da gwiwa ya ƙarasa. Duka bai wuce lokacin yin alwala ba, amma Baba yana durƙushe yana kallo.

Liman ya ce naman ya halatta tunda ba a jinkirta ba. Baƙi sun ci, unguwa ta ci, Baba ko romo bai taɓa ba. Ya ce ya gudar da shi daga gara ne ya kai shi gidan zago. Ranar Sallah ba a zubar da jini a gidanmu ba, karo na farko tun tasowata. Bakoji kuwa ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, da sandarsa kawai a hannu. Bai faɗi inda za shi ba.

Yanzu Baba ya rame, ba ya zama a ƙofar gida. Duk wanda ya shigo gaishe shi, tambaya ɗaya yake masa, ko bijimin zai kai ƙararsa gaban Allah ranar gobe ƙiyama. Liman ya ba shi amsa sau uku, bai gamsu ba. Don Allah ka tambayi malamanku na can ka rubuto masa da hannunka, wataƙila ya ji taka. Kada ka ce za ka zo, hanya ba ta da kyau. Ni dai, Yaya, ba na jin akwai amsar da za ta ishe shi, amma ka rubuto.

Ka gaida Yaya Muslimat da Sadiq da Abubakar, da Kawu Abdulƙarim idan kun haɗu. Ma'u maijego tana gaishe ku. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Adawiyya.