Ƙofofin da Na Toshe

Tarabulus, Libiya
4 ga Maris, 1998

Zuwa ga Yaya Yusha'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da yara da mutanen Gusau? Ni lafiya lau nake, sai dai hannuna da wuta ta ɗan lasa, shi ya sa ka ga rubutun ba nawa ba ne. Kada Inna ta ji.

Gobara aka yi inda muke walda. Ginshiƙan ginin irin na benenka ne, bututun ƙarfe cike da kankare. Masu huji sun tsaya, marar huji ya fashe a gabana. Injiniyanmu ya ce in kankare ya ji wuta tururi yake yi, ta hujin yake fita.

Yaya, ka tuna ƙofofin da na toshe a ginshiƙanka don Inna ta ce zanzaro na yin gida a ciki? Duka shida na liƙe.

Don Allah ka fara kwashe jarkokin fetur daga shagon ƙasa, sannan a sake huda ginshiƙan. Ɗakin Inna ne a sama.

An ce wasiƙa kan yi wata biyu a hanya. Allah ya sa ta riga gobara isowa.

Ƙaninka,
Mannir