Shaidar Zan Dawo Gida

Ugenya, 4 ga Maris

Ɗana Ogola,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da matarka Apondi da jaririn kuna lafiya. Na je Nairobi, sun hana ni bizar zuwa wurinku. Yarinyar da ke bayan gilashi, wadda na yi jika da ita, ta ce ba ni da shaidar zan dawo gida. Na ce, "'Yar nan, kabarin mijina na gefen ɗakina, an bar mini wuri kusa da shi. Ina zan tsaya?" Ta ce takardar gona take so, mai sunana. Gonar kuwa har yau sunan kakanka ke kanta. Kada ku taɓa gashin yaron nan, askin fari na uwar uba ne.

Mahaifiyarka

19 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Gashi ya fara rufe wa jikanki ido, Apondi na ta mita. Ni kuma ba dama in fita daga ƙasar nan sai takarduna sun kammala. Hanya ɗaya ce: a kira masu awon gona su fitar da rabon Baba da sunanki. Na san Baffa Ogutu ke noma miki shi tun rasuwar Baba, amma ai tawada ce kawai a kan takarda, zai gane. Ki huta lafiya.

Ɗanki, Ogola

Ugenya, 2 ga Mayu

Ogola,

Muna lafiya. Tawada, in ji ka. Na sami baffanka yana huɗa, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon shanun, sannan ya ce, "Matar yaya, shekara goma sha ɗaya, me na ci miki?" Na ce bai ci komai ba, biza ce. Ya ce, "To, bizar ce ta ce miki ni ɓarawo ne?" Kunya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba. Ya sa hannu. An kafa dutsen iyaka tsakiyar masara. Ka gaida Apondi.

Mahaifiyarka

Ugenya, 30 ga Yuli

Ɗana,

Gaisuwa. Biza ta fito, ina tafe ranar goma sha biyu. Sun ce yanzu sun gamsu ina da abin da zan dawo wa. Baffanka kuwa, da ba ya karyawa sai a ɗakina, jiya a kasuwa muka gaisa.

Sai na zo.

Mahaifiyarka