Umarnin Ofis ga Baban Perpetual

Ofishin Babban Darakta,
Hukumar Magoya Bayan Wasannin Sanyi, Abuja.
12 ga Janairu

Zuwa ga Mista Thaddeus Bako, tsohon masinjan gwamnati, Nyanya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Hukuma ta zaɓe ka ka wakilci magoya bayan Najeriya a gasar wasannin sanyi ta duniya da za a yi a Italiya. Mun duba fayil ɗinka, shekara talatin da biyar kana aiki ba ka taɓa ƙin umarnin takarda ba. Kuma an shaida mana in ka daka tsawa a Nyanya, har akuyoyin Karshi sai sun nutsu. Irin wannan maƙogwaro ƙasa ke nema.

Mun san 'yarka Perpetual tana cikin masu tsere, ta aiko maka da biza da tikiti, ka ce ba ka zuwa. Wannan tsakaninku ne. Mu dai da tikitin za mu yi amfani, don gwamnati tana tsimi.

Ka huta lafiya.
Alhaji Dakta Wakili, Babban Darakta

Nyanya, 15 ga Janairu

Ranka ya daɗe, Oga Darakta,

Ina gaisuwa da ladabi. Na karɓi leta naku. Ban taɓa jin sunan wannan hukuma ba, amma na ga hatimi, kuma ni ba na gardama da hatimi.

Sai dai a sa wannan cikin fayil. Yarinyan nan na sa ta makarantan nas, saura shekara ɗaya ta gama, ta bari ta tafi gudu. Daga gudu kuma yanzu an ce kwanciya take yi a kan katako tana sulɓi a ƙanƙara. Na rantse a gaban mamanta Monica ba zan je kallo ba. Shekara huɗu ba mu yi magana ba. In na tafi, aikin ƙasa na tafi. Ba zan yi mata magana ba.

Naku mai biyayya,
Thaddeus Bako

18 ga Janairu

Mista Thaddeus, gaisuwa da jinjina.

Madalla da ɗan ƙasa na gari! Ka kwantar da hankalinka, dokar hukuma ma ta hana wakili yin magana da 'yan wasa ko taɓa su. Ga shirin tafiya. Kullum da hantsi ka shiga ɗakin sanyi na kifin Madam Felicity, ka yi rabin awa, jiki ya saba. In ta tambaya ka ce sirrin gwamnati ne. Ka sa safa uku. Ka aro gangar cocinku, babbar. Kada ka aske gashin bakin nan, zai tare maka iska. Idan ka isa, ka ɗauki hoton rahotonka ka turo ta lambar da ke ƙasa.

Allah ya kai ka lafiya.
Babban Darakta

Italiya, 13 ga Fabrairu

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa. Rahoto na farko, a yi haƙuri da rubutu, yatsu sun ƙi lanƙwasa.

Oga, na iso! Ɗakin kifin Felicity wasan yara ne. Nan in ka yi numfashi hayaƙi ke fita kaman bayan tsohon bas. Duwatsu fari fat, har cikin sama! Mun hau wani akwati da ke tafiya a kan waya, ni da ganga da Turawa shida, na yi addu'a har na ƙare na sake daga farko.

Wajen tseren kaman babban kwata ne na ƙanƙara, ya yi ta murɗewa daga kan dutse zuwa ƙasa. Mutane cike, kowa da tutan ƙasansa, wasu suna kaɗa ƙararrawa irin na wuyan shanu. Da na buga ganga sau ɗaya, duka suka juyo. Kafin minti goma ina da mabiya! Na koya masu “Sai Najeriya!” Wani tsoho ɗan Norwe yana cewa “Sai Nijiya”, ya ba ni shayi, ya sa mini hulansa.

Sai aka kira sunanta a lasifika. Har da Bako, Oga! Na gan ta a babban talabijin, ta ruga tana tura katakon, ta faɗa a kai rub da ciki, kai a gaba, haɓanta saura kaɗan ya taɓa ƙanƙara. Kafin in ce Yesu ta wuce gabana, fiu! An ce ta fi kilomita ɗari da ashirin a awa. Ba birki! Ban san lokacin da na bar “Sai Najeriya” na koma “Pepe! Pepe!” ba, sunan da nake kiranta tana ƙarama. Turawa suka kama, dutse duka ya ɗauka. Fatan ganga ya fashe. A gaya wa Pasto zan gyara.

Ta zo na goma sha tara, gobe za ta sake yi.

Yanzu ga matsala. Da ta gama ta cire hulan kwano, ta zo bakin shinge tana haki. Ta ce, “Baba, ka zo?” Na tuna doka, amma baki ya riga ni. Na ce, “Ofis ne ya turo ni.” Ta ce, “To.” Ta miƙo hannu ta kan shinge, ban karɓa ba. Ta tsaya kaɗan, ta juya. Monica ta kira ni a waya ta ce yarinyan ta ƙi cin abinci, kuma wanda hankalinsa ba ya wuri ɗaya bai kamata ya hau katakon nan ba. Oga, na ga gudun da idona.

Ina roƙon izini na musamman in yi mata magana, na minti biyar kawai. In doka ba ta yarda ba, ga takardan barin aiki na a haɗe.

Naku mai biyayya,
Thaddeus Bako

Nyanya, 13 ga Fabrairu

Baba Thaddeus, ina gaisuwa, a durƙushe nake.

Ka zauna tukuna. Babu hukuma, babu Darakta, babu doka. Ni ne, Badaruddeen mai gyaran waya na ƙofar gidanka. Hatimin da tsohon silifas na sassaƙa shi. Ni da ko aji ɗaya na boko ban shiga ba, daga allo sai allo, wa zai ba ni Dakta?

Wallahi da farko so na yi kawai in gan ka kana fitowa daga cikin kifi kana rawar ɗari, kuma na gani, sau tara, Allah ya yafe mini. Amma Mama Monica kullum sai ta kawo wayarta in nuna mata bidiyon Perpetual, kai kuma kana leƙe ta taga kana cewa iska kake sha. Shi ya sa na ci gaba da wasan, don ka je ka gan ta da idonka.

Ba wanda ya turo ka, Baba. Tikitinta ne, ƙafarka ce. Takardar barin aikinka kuwa na karɓa da hannu biyu. Ka ajiye wayar nan ka je ka same ta tun ba ta hau katakon ba, ka sa ta ci abinci.

Dukan da za ka yi mini yana nan yana jiranka, ba zan gudu ba. Don Allah dai ban da sandar gangar.

Ɗanka,
Badaru